Ƙuli-ƙuli a Hanyar Ɓera

Tun kafin masu farar riga su kawo na'urorinsu, in ji Malam Labaran, shi ya riga kowa gani: ɓeran da ya firgita mantuwa yake yi. Bai taɓa zama a aji ba, amma shekararsa tara yana share kejin ɓeraye a ɗakin gwajin wani kamfanin magani a Sharada. Kafin nan tukunyar tururi ta fashe da su a wata majema a Challawa. Su bakwai ne, shi kaɗai ya fito da ƙafarsa.

Aikin Dakta Fiddausi shi ne ta koya wa ɓeraye hanyar abinci a akwati mai lungu-lungu, sannan ta sakar musu ƙara mai razanarwa. Wanda ya manta hanya a yanka shi, a duba ƙwaƙwalwarsa.

Da safen nan Malam Labaran ya tarar da ita a durƙushe tana shinshinar akwatin.

"Baba, mako uku ke nan babu ɓeran da ya ɓata. Wa yake goga musu ƙuli-ƙuli a hanya?"

"Ƙuli-ƙuli? Ni?"

"Ga shi nan a farcenku."

Ya ɓoye hannun a aljihu. Ya san yadda ɓeran yake cirko-cirko a mararraba, gashin bakinsa na rawa. Haka shi ma ya tsaya watan jiya a Dorayi, da tayar tirela ta fashe kusa da shi. Har la'asar bai gane layin gidansa ba, sai da wani mai faci ya raka shi. Bai gaya wa kowa ba.

"Aikin wata shida kuka lalata mini." Ta ƙura masa ido. "Jiya ma sau biyu kuna ce mini Saudat. Wace ce Saudat?"

Ya buɗe baki. Sunan wata tasa ne, ta cikin gidansa, ya tabbata. Amma fuskar ta ƙi zuwa.

"Bari in kai ku asibiti a duba ku," ta ce a hankali.

Ya saci kallon ƙananan wuƙaƙen da ke jere a faranti, sannan ya banƙaro ƙirji.

"Ni da wuta ta tauna ta tofar? Ƙalau nake, 'yar nan! Ki ɗaure mini ido, ki ajiye ni ko'ina a Kano. In ban isa gida kafin magariba ba, ki sallame ni. Duk mai shakka ya taso yanzu a gwada!"