Matakala Uku a Bayan Gidan Desmond

A bayan gidan Desmond, a unguwar Plumstead, akwai tsofaffin matakala uku na kankare. A kansu 'yan kallo suke tsayawa tun Arsenal tana ƙungiyar ma'aikatan masana'antar makamai, kafin ta haye kogi ta koma arewacin Landan. Kakansa ma ya sha ihu a kansu.

Yanzu matarsa Maureen tana kan keken guragu, matakalan kuma sun tare mata hanyar lambunta. Sati biyu yana juya abin a ransa: kankare ne kawai, ko amana? Ranar Asabar ya aro guduma.

"Tsoho, wa za ka kashe?" in ji Maureen.

"Hanya zan buɗe miki. Duka zan rushe."

"Da wannan bayan naka? Auna faɗin kekena, ka fasa iya nan. 'Yan Arsenal suna da filin mutum dubu sittin, amma ba su da wannan."

Ya auna, ya fasa. Da yamma ta wuce ta tsakiyar matakalan tana ɗaga hannu, shi kuwa ya hau na sama yana tafa mata.