Kunkunniya a Motar Bihi

Ranar da Ijja ta fita takaba, ta tuɓe fararen kaya, ta ɗauki makullin motar mijinta Bihi. Babbar mota ce mai shan dizal, da hannunsa ya yi mata gado da murhu a ciki. Da ita suka yi shekaru suna bin kasuwanni da zuma da man 'ya'yan itacen argan, inda rana ta faɗi nan suke kwana. Da ya rasu aka kai shi garinsu Tafrawut, can kan duwatsu, ita kuwa takaba ta riƙe ta a Tiznit. Ko kabarinsa ba ta gani ba. Washegari za a yi masa sadaka a can, kuma ta ƙudurta da motarsa za ta je.

Ta fita gwajin motar da Hmad, yayan Bihi, wanda take kira Dadda, wato Yaya. Ba su bar gari ba motar ta fara tari. Wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, baƙin hayaƙi ya turnuƙe a baya. Ta taka totur har ƙasa, motar sai jan jiki take, har amalanken jaki ya wuce su.

Hmad ya ce, "Na faɗa miki, motar nan ta bi mai ita. A sayar, gobe mu hau bas kamar kowa."

"Dadda Hmad, kullum fa ina tayar da ita. To me ya same ta?"

Tambayar ce ta fi damunta. Ta lallaɓa har garejin Addi, abokin Bihi. Ya yi mata gaisuwa, yana ce mata Lalla don girmamawa, ya miƙo kujera, ba ta zauna ba. Tana tsaye a kansa ya kwance wani ƙarfe kamar dunƙulen hannu daga gefen inji. Cikinsa ya cushe da baƙin abu mai danƙo. Ta lakato da yatsa ta sunsuna.

"Wannan ai kunkunniya ce. Me ya kawo ta cikin inji?"

"Bawul ne, Lalla Ijja. Shi ke mayar da wani hayaƙin cikin inji, don abin da ke fita ta salansa ya rage cutar da mutane."

"Wato tana haɗiye hayaƙinta?"

"Kaɗan-kaɗan. Amma naki ya ƙage a buɗe, hayaƙi kawai take sha, ba iska." Ya juya bawul ɗin. "Abin da ban gane ba, motar da ke ajiye ba ta tara wannan. Wa ke fita da ita?"

"Ba kowa. In na idar da sallar asuba nakan tayar da ita a ƙofar gida, in zauna ciki in sha shayina."

"A tsaye? Kullum?"

"Har shayin ya ƙare."

Ba ta faɗa masa cewa a kujerar gefe take zama ba, ko cewa muddin injin na gurnani takan ji kamar Bihi ya shiga gida ɗauko hularsa ne. Addi ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

Ya ce a hankali, "Injin dizal ba ya son aiki a tsaye. Ba ya ɗaukar zafi, sai hayaƙin ya kwanta ya daskare. Shi ya sa marigayi ke ba ta wuta a hawan dutsen Kardus, kan hanyar Tafrawut."

Ijja ta dubi motar. Ba abin da ita da Bihi suka fi faɗa a kansa irin wannan hawan. Da sun iso gindin dutsen Bihi zai rage giya ya danna, kwalaben zuma na ta kacau-kacau, ita tana riƙe da ƙofa tana kiransa tsohon da bai girma ba. Shi kuwa abin da yake cewa kawai, "Bar ta ta yi kaki."

"Ashe ba wasan yara yake ba."

Addi ya yi murmushi. "Har da wasan, kada in yi masa ƙarya."

Hmad ya ce, "Kai Addi, sa fallen ƙarfe ka toshe abin, kamar yadda masu tasi ke yi."

Addi ya ce, "Bihi bai taɓa yarda ba. Cewa yake a kasuwa yake fakawa, kusa da masu burodi, ba zai bulbula musu hayaƙi ba."

Ijja ta naɗe hannun riga. "Ba ni buroshi."

Ita ta wanke shi, Addi na nuna mata inda za ta kankare da inda ba a taɓawa. Sai da ruwan wankin ya baƙe sau da yawa, sannan ɗan murfin ciki ya motsa da ta danna shi. Ta sake dannawa, ta leƙa ta ga yadda yake rufewa.

Addi ya ɗaura bawul ɗin. "Ban yi miki alkawari ba. In abin da ke juya shi ya mutu, sai an aiko sabo daga Agadir, kuma ba zai iso kafin sadaka ba. Kardus ne zai faɗa miki."

Washegari da hantsi suka iso gindin dutsen, Hmad a kujerar gefe rungume da buhun sukari. Idon Ijja na kan wurin fitilar. Motar ta yi tari ɗaya. Ijja ta rage giya ta danna totur, injin ya ɗaga murya, tukwane suka hau kacau-kacau a baya. Ta madubi ta hango wani curin baƙin hayaƙi ya fita, na bayansa ya yi toka-toka, daga nan ba ta ƙara ganin komai ba sai hanya.

Hmad ya cafke ƙofa. "Ijja! Sadakar mutum ɗaya muka fito, kada ki mayar da ita ta uku!"

"Riƙe sukarinka, Dadda. Kaki take yi."

Fitilar ba ta kama ba. Ijja ba ta ɗaga ƙafa ba sai da suka kai ƙoli, inda hanya ke gangarawa zuwa Tafrawut.