Jakar da Khairat Ta Kasa Buɗewa

Ranar Alhamis da rana hannun jakar Sada ya tsinke, a daidai ƙofar lif, gaban mutane huɗu. Jakar ta faɗi tim, laftof ɗin ofis ya tsage a gefe guda. Mutanen suka ce masa ma'alish, wato sannu a Larabcin Masar, shi ma ya ce ma'alish, ya tattara kayansa ya rungume. Ba wanda ya san cewa ban da laftof akwai bindiga a ciki, shi kuma bai ga dalilin yi musu bayani ba.

Sada ɗan sanda ne, mutumin Dutsin-Ma. Shekara biyu ke nan da aka turo shi Alƙahira yana tsaron wani babban jami'in diflomasiyya, wanda kowa ke kira Oga, har matarsa. Bindigar ta aiki ce, da takardarta da hatiminta. Sai dai Oga ba ya son ganin ƙarfe a ƙugun mutum, ya ce yana hana shi cin abinci. Shi ya sa bindigar ta koma jakar goyo, a wani aljihu na can ciki da Sada ya manna gidan bindigar a jikinsa. Kullum da safe ya ɗauko Oga daga unguwar Ma'adi, da la'asar ya mayar da shi, ya biya hadana, wato makarantar yara ƙanana, ya ɗauki 'yarsa Khairat, su wuce gida. Da shigarsa sai ya zare harsasai, ya kulle komai a akwatin ƙarfe, ya rataya makullin a wuyansa. Bai taɓa fashi ba ko sau ɗaya, kuma yana son mutane su san haka.

Daren nan ya zauna ya rubuta sharuɗɗan sabuwar jaka a bayan takardar wuta. Ɗinki biyu a hannaye. Wurin laftof mai katifa, wanda bai taɓa ƙasan jakar ba. Yadi mai jure ƙura da gumi. Launi baƙi ko ruwan toka, kada ta yi kama da ta soja, don a garin nan baƙin mutum mai jakar soja tambayoyi yake jawo wa kansa. Sai aljihun ɓoye da hannu zai isa cikin daƙiƙa biyu ba tare da ido ya duba ba.

Matarsa Hindu ta karanta takardar tana tsaye, da ludayi a hannu.

"Abban Khairat, ka manta ɗaya."

"Wanne?"

"'Yarka."

Khairat shekararta biyar, kuma babu abin da ke da murfi ko zif a gidan nan da ba ta ga cikinsa ba. Ta buɗe rediyo. Ta buɗe bayan agogon bango. Ta taɓa buɗe jakar wata baƙuwa ta fito da haƙoran roba ta kawo falo tana tambayar na waye. Hindu ta ce sharaɗinta ɗaya ne: a tafi da yarinyar kasuwa, a saka alewa a aljihun ɓoyen, a ba ta jakar. Duk jakar da yarinyar ta gano alewar a cikinta, ba za ta shigo gidan nan ba.

Sada ya ce ai bindigar ba ta kwana a jaka. Hindu ta ce ta sani. Ya ce shekararsa goma sha shida yana riƙe makami, ko kaza bai taɓa harba bisa kuskure ba. Ta ce ta sani, ta koma kicin. Mai aure ya san irin wannan "na sani" ɗin. Ranar Asabar suka hau jirgin ƙasa na metro shi da Khairat, da leda cike da alewa, suka sauka kasuwar Ataba.

Shagon Ammu Fadl yana cikin wani lungu da mutum biyu ba sa wucewa a jere. Jakunkuna ne tun daga ƙasa har rufi, kuma a bakin Ammu Fadl kowacce asali ce, kowacce daga waje ta zo, ko da an ga zare yana lilo a jikinta. Dattijo ne mai tumbi da tabarau a goshi. Ya saurari sharuɗɗan Sada har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"Aljihun ɓoyen nan, ya basha, ranka ya daɗe, me za a sa a ciki?"

"Takardu masu muhimmanci."

Ammu Fadl ya dubi kafaɗun Sada, ya dubi askinsa, ya dubi yadda ya tsaya yana fuskantar ƙofa.

"Takardun nan," ya ce, "dogaye ne ko gajeru?"

"Gajeru."

"Tamam."

Ya sa sanda mai ƙugiya ya sauko da ta farko. Sada ya ja hannayen da ƙarfi, ya leƙa ɗinkin, ya zuge zif sau goma. Sannan ya ce Khairat ta juya baya ta rufe ido, ya tura alewa a aljihun da ke ƙasan wurin laftof, ya miƙa mata, ya duba agogonsa. Minti uku ya ba ta. Kafin ya sauke hannunsa tana ɓare ledar alewar.

Ta biyu aljihunta a gefe yake, a bayan wurin gorar ruwa. Khairat ba ta ma ɗaga jakar ba, ta zura hannu kawai. Ta uku Ammu Fadl ya rantse da kabarin mahaifinsa cewa wani kwastoma ya shekara da ita bai san da aljihun ba. Daƙiƙa ashirin. Ta huɗu ta ɗan ba ta wahala, don sai da ta zauna a ƙasa ta kifa jakar a cinyarta, ta bi ɗinkin da ɗan yatsa tana kallon rufi, sannan ta zuge.

Zuwa lokacin masu shagunan maƙwabta sun taru a bakin ƙofa. Wani ya kawo shayi. Wani ya tambaya ko a ƙasarsu haka ake sayen jaka, Sada ya ce eh, bai yi dariya ba. Ammu Fadl ya sauke tabaransa daga goshi zuwa hanci, abin da maƙwabtan suka ce sun daɗe ba su gani ba.

"Yarinyar nan," ya ce, "in ta girma ka kai ta filin jirgi. Za su ɗauke ta ba jarrabawa."

Ya shige can ƙuryar shagon, aka ji yana ture kwalaye, ya fito da wata ruwan toka mai ƙura a kafaɗa. Ba ta da kyau ko kaɗan, irin wadda malamin lissafi zai goya. Amma yadin kamar tamfol, hannayen ɗinki uku, wurin laftof a rataye yake bai kai ƙasa ba. Aljihun yana jikin bayan, wajen da ke manne da gadon bayan mai goyo. Kan zif ɗin a ɓoye yake ƙarƙashin wani lanƙwasasshen ɗinki, kuma sai an danna wani ɗan maɓalli da babban yatsa sannan yake motsi. Sada ya goya ta, ya sassauta hannu ɗaya, ya juyo da ita gaba, ya danna, ya zuge, idonsa na kan ƙofa. Daƙiƙa biyu.

Aka saka alewa. Khairat ta juya jakar, ta kifa ta, ta girgiza ta a kunnenta. Ta buɗe duk zif ɗin da ake gani. Ta sa kai ciki. Lungun ya yi tsit, har mai shayin ya tsaya da tire a hannu. Minti uku suka cika. Sada ya ƙara mata ɗaya don adalci. Ta ture jakar ta ce ita ba ta son wannan, mummuna ce.

"Khalas, shi ke nan," in ji Ammu Fadl, ya mayar da tabaran goshi. Maƙwabtan suka tafa.

Sada ya dawo gida da jaka a baya da 'ya mai ciwon ciki, ransa fes. Ya ba Hindu labari dalla-dalla, har da ƙarin minti ɗayan. Ta ce madalla.

Lahadi ranar aiki ce a Masar. Bayan sallar asuba, gari ya waye, ya zauna bakin gado zai mayar da kaya daga tsohuwar jaka zuwa sabuwa. Laftof, caja, takardun mota. Saura gidan bindigar, wanda ke manne a aljihun tsohuwar tun ranar da ya sa shi. Shekara biyu yana zura hannu a aljihun nan safe da yamma, bai taɓa leƙawa ba, don haka aka koya musu: hannu ya san hanya, ido yana kan mutane. Ya fizge shi, ya fito da shi cikin hasken taga.

Akwai taurari a jikinsa. 'Yan ƙananan sitika masu ƙyalli, ruwan zinariya, an jera su a gefen da ke kallon cikin aljihun. Ya ƙirga, bakwai. Wasu sun fara dusashewa, ta ƙarshen sabuwa ce fil.

Ya kira Khairat, ta shigo da burodi a hannu, an yi mata kitso rabi.

"Wa ya sa waɗannan?"

"Ni."

"Yaushe?"

"A mota. In kana faɗa da masu mota."

A mota jakar tana zama a ƙasa, bayan kujerar gaba, daidai ƙafafun Khairat. A mota kuma bindigar cike take, don ba a zare harsasai sai an shiga gida. Daga hadana zuwa gida, in akwai zahma, wato cunkoso, minti arba'in ne, kuma kullum akwai zahma.

"Me ya sa kika sa wa bindigar?"

"A hadana Miss Duaa tana ba wanda ya zauna shiru tauraro. Ita kullum tana zaune shiru."

"Kin taɓa ta?"

"Shafa ta kawai nake yi." Ta gutsuri burodi. "Tana da nauyi, Abba."

Tsoro ya kama Sada, irin wanda bai taɓa ji ba a bakin aiki. An taɓa harbinsa a hanyar Funtuwa, bai ji haka ba. Yana so ya daka mata tsawa, yana so ya rungume ta, ya kasa ko ɗaya. Da ya ɗaga kai Hindu na tsaye a bakin ƙofa da matsefi a hannu. Wannan karon ko "na sani" ba ta ce ba. Ta kama hannun yarinyar suka fita ƙarasa kitso, ya jiyo ta tana ce wa yarinyar ta daina motsi.

Ranar nan, bayan ya sauke Oga, bai biya hadana ba. Ya wuce gida tukun, ya zare harsasai, ya kulle akwati, ya sake fitowa ya shiga zahmar da ya baro. Ya isa a makare da awa guda. Khairat kaɗai ta rage, tana zaune a kan 'yar kujera kusa da Miss Duaa, wadda ta riga ta saka mayafinta ta rataya jaka. Ya ba da haƙuri, ya ce daga yau haka zai riƙa zuwa, a ƙara masa kuɗin jira in akwai. Miss Duaa ta ce ma'alish da bakin da bai yi kama da ma'alish ba.

Sabuwar jakar ya taho da ita da gangan, ba komai a aljihun bayan. Ya ajiye ta inda tsohuwar ke zama. Ya karkata madubin mota yadda zai ga kujerar baya, ya duba agogo, ya tayar.

A shago minti uku ya ba ta, da ƙarin ɗaya. Hanya ba ta san wannan lissafin ba. Motoci suka tsaya cak a bakin Nilu, masu ƙananan bas suna ta hon, wani mai babur ya goge masa madubin gefe ya wuce. Sada bai ce uffan ba. A madubi ya ga ta sunkuya ta jawo jakar cinyarta. Ta kifa ta. Ta bi ɗinkin bayan da ɗan yatsa tana kallon taga, tana 'yar waƙarta ta makaranta. Ta tsaya a wuri guda. Ta danna.

Minti goma sha ɗaya. Ya ji ƙarar zif ɗin har cikin haƙoransa.

"Abba, na buɗe!" Ta zura hannu har kafaɗa, ta laluba, ta leƙa. "Ina take?"

"Tana gida."

"Ba ta da lafiya?"

"Lafiyarta lau. Ba za ta ƙara shiga mota da ke ba."

Khairat ta yi ɗan tunani. A goshinta akwai tauraron da aka ba ta yau, na zaman jira. Ta ɓamɓare shi a hankali da farce, ta dube shi, ta dubi aljihun da ba kowa. Sai ta miƙe tsaye tsakanin kujeru, ta manna shi a bayan hannun babanta da ke riƙe da sitiyari, ta danna da babban yatsa don ya kama sosai.

"To kai ka riƙe," ta ce. "Yau kai ne ka yi shiru."

Motar gaba ta matsa, na baya suka fara hon. Sada bai iya sa giya ba sai da ya goge idonsa da ɗaya hannun.