Bargon da Yatsa Ke Ratsawa

"Jidda, me ya sa yatsunki suka lanƙwashe kamar ƙafar kaza?"

Tuda ce ta yi wa kakarta tambayar, 'yar shekara biyar, bakinta cike da burodi da man zaitun. Uwarta Ijja ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta galla wa yarinyar harara, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Lalla Mammas, uwar mijin Ijja, ta ɗaga hannuwanta ta jujjuya su a rana kamar mai taya kaya a kasuwa.

"Ƙafar kazar nan ita ta tufatar da ubanki, marar kunya. Ulu ne ya cinye su, shi da sanyi."

"To, na Immi ma haka za su zama?"

"Ci burodinki," in ji Ijja, wadda Tuda ke kira Immi.

Ta faɗe shi da zafin da ba ta yi niyya ba, don yarinyar ta taɓa mata inda ke ciwo. 'Yan kwanakin nan babban yatsanta na dama yakan mutu mata, ya yi ta tsikari kamar an zuba masa tururuwa. Ba ta gaya wa kowa ba. Takan yarfe hannun, ta hura masa iska, ta sake ɗaukar kwarashi.

Lokacin kaka ya shigo sosai. An gama tsinkar tuffa a kwarin, Bihi mijin Ijja ya bi motar kaya zuwa Marrakesh, ganyaye sun koma ja, kuma kowace safiya Lalla Mammas sai ta leƙa kan duwatsu ta dawo da labari: farin ƙanƙara bai sauka ba tukuna, amma yana hanya. A gidan nan, jaririn da bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, uwarsa ce za ta saƙa masa bargo da hannunta kafin farin farko ya hau kan dutse. Kuma ba kowace irin saƙa ba. Tsohuwar takan ɗauki aikin ta danna masa ɗan yatsa. In yatsa ya ratsa, iska ma za ta ratsa, sai a warware a sake. Saboda haka Ijja take aiki da siririn kwarashin ƙarfe, ta naɗe zaren a yatsa har ya yi mata zobe, tana ja tana matsewa, bargon jaririnta Iddir yana fitowa da tauri kamar faifai. Rabi ta yi, rabi ya rage.

Washegari ta wanke tsummokaran jaririn a magudanar ruwan da ke bayan gida. Ruwan daga dutse yake gangarowa, yanka yake yi kamar wuƙa. Ba ta jira hannuwanta sun yi ɗumi ba, ta hau soro inda rana take, ta zauna kusa da surukarta ta kama saƙa. Ta yi layi, ta ƙara layi, ta ce bari in kai ƙarshen wannan launin. Iddir ya farka a kan buzun tunkiya ya fara kuka.

"Ɗauke shi mana, ko sai ya tara mana maƙwabta?" in ji Lalla Mammas.

Ijja ta ajiye kwarashi, ta sunkuya, ta kama shi ta hammata za ta cilla shi baya kamar yadda ta yi sau ba adadi. Yana kaiwa kafaɗa sai hannun dama ya sake. Ba ciwo ta ji ba, hannun ne kawai ba ya nan. Yaron ya sulmiyo ta gefenta. Lalla Mammas ta kai hannu biyu da sauri, yatsun suka taɓa rigarsa suka kasa rufewa, rigar ta zame a cikinsu. Ijja ta zube a gwiwa ta tare shi da gwiwar hannu da cinya, ya ƙarasa kan buzun a hankali.

Ya tsala ihu. Ta duba kansa, ta duba wuyansa, ta lanƙwasa ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya. Ko ƙwarzane babu. Ta ba shi nono da hannun hagu. Da ta ɗago kai sai ta ga tsohuwar tana kallon tafukanta a buɗe a kan cinya. A lokacin ne Ijja ta lura da abin da ya daɗe a gabanta: tun da aka haifi Iddir, kakarsa ba ta taɓa ɗaga shi daga ƙasa da kanta ba. Sai dai a ɗora mata shi a cinya.

Ranar ba ta sake taɓa saƙa ba, washegari ma haka. Ranar kasuwa ta biya ta ƙaramin asibitin gari, ma'aikaciyar ta matsa mata wuyan hannu ta ce jijiya ce ta gaji, ta huta, in ya ƙi ta dawo. Da ta koma gida ta tono ƙaton kwarashin itace da take saƙa tabarmar tsumma da shi, ta naɗe mariƙinsa da ƙyalle har ya cika mata tafi. Ta haɗa zare biyu wuri ɗaya. Kafin ta fara, sai ta ɗumama hannuwa a bakin tanderun burodi, ta shafa man zaitun ta goge. Zaren ta bar shi ya ratsa tsakanin yatsu kawai, babu naɗi. In ta kai ƙarshen layi sai ta ajiye, ta buɗe tafi ta rufe, ta tashi ta duba tukunya ko ba abin da ke kan wuta.

Lalla Mammas ta zuba mata ido har sabon sashen ya kai taƙi. Sannan ta jawo bargon ta danna yatsa. Ya fito ta ɗaya gefen.

"Wannan bargo ne ko ragar kamun kifi? Jikana za ki rufa, ko tankaɗe za ki yi da shi?"

"Zare biyu ne, Lalla. Taɓa ki ji kaurinsa. Zan ɗinka masa tsohon mayafina ta ciki, iska ba za ta sami hanya ba."

"Warware."

"Ba zan warware ba."

Tuda ta daina wasa da ƙwallon ulu. Ba ta taɓa jin uwarta ta ce wa Jidda a'a ba.

"Ikon Allah. Yaran zamani, daga ɗan tsami a yatsa sai a ce an ga mutuwa. Mu da muka saƙa wa 'ya'ya bakwai fa?"

"Lalla, ki yi haƙuri, ba raini ba ne." Ijja ta sassauta murya amma ba ta sunkuyar da kai ba. "Bargo yana rufe yaro in yana kwance. In ya tashi, hannuna ne zai riƙe shi. Kin ga abin da ya faru a soro, ke da ni muna wurin."

Tsohuwar ta ture bargon gefe, ta ce ita dai ba ruwanta, in yaro ya yi mura kowa ya san wanda za a tambaya. Can ta ce, "Ke Tuda, miƙo kwalbar man nan." Ta kamo hannun Ijja ta ɗora a cinyarta, ta shiga murza gindin babban yatsan da bayan gaɓoɓinta, tunda yatsun ba sa kamawa.

"Nan ne ko? Nawa ma nan ya fara. Kar ki motsa, sai ka ce akuya a hannun mahauci."

Farin farko ya hau kan dutse bargon bai kai tsawon da aka so ba, kuma gefe ɗaya tauri, gefe ɗaya laushi. Ijja ta rufe bakin saƙar haka nan, ta ɗinka mayafin ta ciki. Iddir ƙarami ne, ya rufe shi har da saura. Da safen ta ɗaga shi da hannu biyu ta goya shi, yatsan ya riƙe. Lalla Mammas ta bi ta baya ta cusa gefen bargon a ƙarƙashin ƙafafunsa, tana mitar cewa har yanzu dai raga ce.

Ke mai saƙa da jariri a gefenki, in yatsanki ya fara tsikari ko ya mutu, ajiye kwarashin nan take, kar ki ce bari in kai ƙarshen layi. Kuma kar ki kuskura ki ɗaga yaro sai kin dunƙule hannun kin ji ya dawo naki.