Wayoyi Biyu a Ƙarƙashin Sitiyari

Hanatu tana tsugune gaban mai manja a kasuwar Tsafe lokacin da ihun ɓarawo ya tashi daga wajen ajiye motoci. Da farko ba ta ko waiwaya ba. Sai da ta ga maza suna gudu da sanduna, sannan ta tuna cewa can mijinta Yari ya nufa domin ya tayar da mota. Kwalbar manjan ta suɓuce daga hannunta.

* * *

Motar tsohuwa ce. Bara Yari ya sayar da bijimansa ya saye ta, yana kai wake da gero kasuwanni daga ƙauyensu na ƙasar Bungudu. Da faɗuwar damina gidan makullinta ya lalace. A murɗa har yatsu su yi ciwo, ko tari ba ta yi. Wani mai gyaran wayarin mota a Gusau ya ce sabo dubu talatin da biyar ne, na hannu dubu ashirin, ban da kuɗin aiki. Yari ya daɗe a tsaye yana shafa aljihu. Abin da ke ciki na taki ne, gona kuwa ba ta jiran kowa. Mai wayarin ya tausaya masa, ya zaro wayoyi biyu daga ƙarƙashin sitiyari, ya feƙe bakinsu, ya nuna masa yadda ake haɗa su mota ta tashi. Aka bar gyara sai kaka.

Hanatu ba ta so abin ba, ta kuma faɗa masa. Ya yi dariya, ya ce duk Bungudu babu wanda bai san motar Yari ba. Makullin kuwa, da yake ba ya aikin komai, sai ya rataye shi a ƙusa cikin ɗaki.

* * *

Ba ta san yadda ta ratsa taron ba. Ta tarar da Yari a ƙasa, babu hula, jini yana bin gemunsa, ya rungume hannun damansa a ƙirji. Wani mai jan rawani yana sake bayyana wa masu isowa cewa da idonsa ya gan shi duƙe yana haɗa waya. Hanatu ta dubi fuskokin. Mutane ne da aka kwashe musu shanu, aka ƙwace musu babura, aka hana su gonakinsu, ba su taɓa kama ko ɗaya daga cikin masu yi ba. Yau sun sami wanda ba shi da bindiga.

"In taka ce, ina makullin?" in ji mai rawanin.

"Yana gida," Yari ya amsa da ƙyar.

Aka yi wata dariya marar daɗi. Wani ya buɗe aljihun mota ya fito da takardu, aka karanta, sai ga sunan tsohon mai ita. Daga baya wata murya ta ce a kawo taya. Hanatu ta ga tayar tana gangarowa, mutane suna ba ta hanya, ga kuma mai sayar da fetur a bakin titi ya matso da jarkarsa.

Ta faɗa kan mijinta ta rufe shi da mayafinta. Ta ce mijinta ne, ta faɗi sunan ƙauyensu da na mai garinsu, ta rantse da Allah. Wani ya ce ai yanzu da mata suke yawo. Aka kama kafaɗarta ana ja.

A nan ne Dorcas ta iso, 'yar Sabon Garin Gusau, wadda take sarin wake a wurin Yari. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai tsaya tsakaninsu da tayar.

"Wannan Malam Yari ne. Waken da ke rumfata shi ya sauke shi da safen nan, daga motar nan." Ta juya ga wani ɗan dako da ke riƙe da itace. "Kai Yazid, ba kai ka kwashi buhunan ba?"

Yazid ya dubi motar, ya dubi mutumin da ke ƙasa. A hankali ya mayar da itacen bayansa. Ya ce shi kam buhu yake kallo, ba fuska ba.

Taron ya fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ce sannu. Mai rawanin, da zai tafi, ya ce mutum ya riƙa gyara motarsa, don kada ya sa Musulmi ɗaukar alhaki.

* * *

Dorcas ta ɗaure masa hannun da ɗankwalinta, ta ce lallai su nufi asibiti a Gusau. Ya ce zai iya tuƙi da hagu, amma yatsun dama sun ƙi motsi, wayoyin kuwa hannu biyu suke so.

"Hanatu, ki kama jar wayar, ki taɓa ta da waccan. Kada ki ji tsoro."

Hanatu ta duba hagu da dama tukuna, sannan ta duƙa ƙarƙashin sitiyari. Wuta ta yi tartsatsi, motar ta tashi.

Mai jarkar bai tafi ba. Ya leƙo ta taga, ya gaishe su da ladabi, ya tambaya ko za su sha mai kafin su kama hanya.