Yadda Sale Ya Zama Buzu

Da ciwon baya ya raba Sale, mutumin Bichi, da dakon albasa a kasuwar Mile 12 ta Ikko cikin shekarar 2000, sai ya shiga neman gadi, domin akwai bakuna biyar a gida masu jiran tuwo. Ya tarar masu sito a Ijora ba sa ɗaukar kowa sai Buzu, saboda sun yi imani cewa fararen hamada sun fi tsare dukiya.

Farin nan yana da tarihi. Tun ƙarni na goma sha tara Turawa matafiya suka sanya Abzinawa a sahun farar fata. Faransawa kuma da suka kafa mulki suka raba mutanen Sahara gida biyu, farare da baƙaƙe, alhali ido kawai suke gani a fuskar mazajen.

Oumarou, maƙwabcinsa a Agege wanda ya daɗe yana gadi, ya ara masa rawani, ya naɗa masa da hannunsa.

"Ka rage surutu, Bakano," in ji shi. "Bakinka ne zai tona ka."

Ya kai shi siton da yake gadi. Alhaja mai siton ta dube shi sama da ƙasa, ta ce wannan kam na asali ne, ya fara yau a gwada shi.

Da la'asar masu gadi suka dafa shayi. Sale ya karɓi kofi, ya ja amawalin da ya rufe masa baki har ƙasan haɓa, ya kurɓa. Duk suka zuba masa ido. A al'adar Abzin namiji ba ya buɗe baki gaban manya, ta ƙarƙashin amawali ake shigar da kofi.

Ɗayyabu, shugaban masu gadin, wanda kalmarsa ɗaya ta isa a sallami mutum, ya ce, "Ɗan'uwa, kai na wane Abzin ne?"

"Na wajen Bichi, ranka ya daɗe."

Aka kwashe da dariya har wani ya ƙware.

"Rufe kafin Alhaja ta leƙo," in ji Ɗayyabu. "Ni Bagobiri ne na Madawa, zanen gidanmu na nan ƙarƙashin ƙyallen. A tashar Oyingbo na zama fari."

"Mu kuwa a Agadas baƙaƙe ake ce mana," in ji Oumarou. "Sai da na zo Ikko na haskaka."

Sai ga Alhaja ta fito tana tambayar halin sabon.

"Ɗan babban gida ne, Alhaja," in ji Ɗayyabu. "A riƙe shi."

Sale kuwa yana ta kokawa da kofi a ƙarƙashin amawali, shayi na bin wuyansa.