Yis ɗin Cikin Rijiya

Ni Kazys, yaƙi bai kashe ni ba, yunwa ma ta gaji ta ƙyale ni. Haka ma yis ɗin gidanmu na haɗa giya, da nake ajiyewa a kwalba cikin rijiya saboda sanyi.

Jikata Jurgita ta zo koyon dafa giya, ta karanto kayan haɗi goma daga wayarta.

Na ce, "Ajiye wayar nan. Tsiron sha'ir, furen da ke sa giya ɗaci da ruwa sun isa. Bokiti ɗaya kawai."

"Tsoho, in zafi ya kashe yis ɗin fa? Ba mu da wani."

"Tsoma gwiwar hannunki cikin ruwan da muka dafa tukuna. In bai ƙona ki ba, zuba yis ɗin."

Ta tsoma, ta zuba. Washegari kumfa ta cika bokitin. Yanzu ita ke zura kwalbar cikin rijiya, amma ni na koya mata.